Kan jirgin ƙasa mai tayar da faɗinta ya kai ƙafa 8: tambayoyi da amsoshi a kan injin Stirling na 1870

A cikin tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi, kaɗan ne ke tsayar da mai kallo kamar injin Stirling: kore shar, jikinsa sumul, ga wata ƙatuwar taya ɗaya tilo a kowane gefe wadda ta ɗara dogon mutum tsawo. Kyansa ne ke fara jan ido, amma ba don ado aka ƙera shi haka ba. Kowane ɓangare nasa amsa ce ga wata matsala da masu ƙera inji suke fama da ita a wancan zamani.

Wane inji ne wannan, kuma na wane kamfani ne?

Jerin kawunan jirgi ne da kamfanin Great Northern Railway na Ingila ya ƙera a masana'antarsa da ke garin Doncaster, domin jan jiragen fasinja masu sauri daga tashar King's Cross ta Landan zuwa arewa. Na farko, mai lamba 1, ya fito a 1870. An ci gaba da ƙera su kaɗan-kaɗan har 1895, jimillarsu ta kai 53. Ba a raɗa musu sunaye ba, lamba kawai suke ɗauke da ita.

Tsarin tayoyinsu ana rubuta shi 4-2-2. Ma'ana, ƙananan tayoyi 4 a gaba, manyan tayoyi 2 a tsakiya waɗanda su ne ke jan jirgin, sai ƙanana 2 a baya da ke ɗauke da murhu da rumfar direba. Faɗin babbar tayar ƙafa 8 ne da inci 1, kusan mita 2 da rabi. A bayan injin kuma akwai taragon kwal da ruwa.

Wane ne Stirling?

Patrick Stirling ɗan Sikotilan ne, an haife shi a 1820. Gidansu gidan injiniyoyi ne. Mahaifinsa, Robert Stirling, limamin coci ne, kuma shi ne ya ƙirƙiro injin nan mai aiki da iska mai zafi a 1816, wanda har gobe ake kira da sunan gidan. Ƙanen Patrick, James, ya shugabanci sashen injuna a wani kamfanin jirgin ƙasa, haka ma ɗan Patrick, Matthew.

Patrick ya riƙe sashen injuna na kamfanin Glasgow and South Western daga 1853. A 1866 ya koma Great Northern, ya gaji Archibald Sturrock, bai kuma bar kujerar ba har rasuwarsa a watan Nuwamba na 1895. An san shi da tsayawa kan ra'ayinsa, da son inji mai sauƙin gini wanda babu tarkace a jikinsa.

Me ya sa aka yi tayar da girma haka?

Nan ne zuciyar maganar. A injin tururi babu giya. Fistin yana kai da komo a cikin silinda, sanda tana miƙa wannan motsi kai tsaye zuwa taya. Tafiyar fistin sau ɗaya da dawowarsa, juyin taya ɗaya ke nan. Saboda haka girman taya shi ne giyar injin, kuma tun ranar da aka ƙera shi aka zaɓa masa ita.

Bari mu yi lissafi. Tayar Stirling tana cin ƙasa fiye da ƙafa 25 a juyi ɗaya, wato tana juyawa kamar sau 208 a mil guda. Idan jirgi yana gudun mil 60 a awa, juyi 208 ke nan a minti. Taya mai faɗin ƙafa 5, irin ta injin kaya, sai ta juya kamar sau 336 kafin ta yi wannan tafiya. Bambancin ba ƙarami ba ne ga ƙarfen da ke tsayawa cak ya juya baya sau biyu a kowane zagaye.

A shekarun 1860 man shafawa bai da inganci irin na yau, kuma kafofin da tururi ke shiga da fita daga silinda ƙanana ne. In taya ta yi saurin juyawa, tururin da ya gama aiki ba ya samun damar fita kafin fistin ya dawo, sai injin ya riƙa shaƙe kansa, ga gaɓoɓi suna ɗaukar zafi. Babbar taya tana ba injin damar numfashi a natse alhali jirgin yana sharara gudu. Stirling ya haɗa wannan da doguwar tafiyar fistin: faɗin silindarsa inci 18, tafiyar fistin inci 28, wadda ta zarce abin da aka saba a lokacin. Doguwar tafiyar ita ke mayar masa da wani abu daga ƙarfin jan da babbar taya ke ragewa.

To me ya hana a yi manyan tayoyin huɗu a haɗa su da sanda, kamar sauran injuna?

Ana yin haka a zamaninsa, shi kansa ya ƙera irin su don jiragen da ke tsayawa a kowace tasha da na kaya. Amma ga jirgi mai sauri bai yarda da su ba. Sandar da ke haɗa tayoyi tana ƙara gogayya, kuma tana bukatar tayoyin su zama daidai wa daida a girma. Da zarar ɗaya ta ɗan cinye fiye da 'yar'uwarta sai su fara jayayya. A wancan lokaci sandunan sukan lanƙwashe ko su karye a tsakiyar gudu. Ana ruwaito cewa Stirling ya taɓa kwatanta inji mai haɗaɗɗun tayoyi a guje da yaron da ke gudu wandonsa ya zazzago.

Abin da aka biya a madadin wannan 'yanci shi ne riƙon dogo. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma iya nauyin da ke kan tayar da ke ja, iya abin da za ta ja ba tare da ta zame ba. A injunan farko nauyin da ke kan manyan tayoyin nan biyu bai wuce kimanin tan 15 ba. In dogo ya jiƙe da raɓa ko yayyafi, tayar takan yi ta juyawa a wuri ɗaya, musamman wajen tashi daga tasha. Fita daga King's Cross kuwa hawa ne, ta cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa masu danshi da hayaƙi. Direba sai ya buɗe tururi da lallashi, ana zuba yashi a gaban taya. Da jirgin ya kama hanya kuma, shi ke nan, matsalar ta wuce.

Me ya sa silindojin suke waje, kuma mene ne amfanin tayoyi huɗun gaba?

Yawancin injunan Stirling silindojinsu a ciki suke, tsakanin firam biyu, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da jikin injin, suna tura wata sanda mai lanƙwasa da ta haɗa tayoyin. Da taya mai ƙafa 8 wannan ba zai yiwu cikin sauƙi ba. Tsakiyar tayar kanta ta riga ta yi ƙafa 4 daga dogo, in aka ƙara wurin da lanƙwasar za ta wulwula, sai an ɗaga tukunyar ruwa sama sosai. Ban da haka, irin wannan sanda mai lanƙwasa ta yi ƙaurin suna wajen tsagewa. Sai ya fitar da silindojin waje, sandar taya ta zama miƙaƙƙiya.

Amma manyan silindoji a gaba suna da nauyi, kuma da yake suna nesa da tsakiya, bugunsu yana sa hancin inji ya riƙa kaɗawa dama da hagu. Maganinsa shi ne wani ɗan keke mai tayoyi huɗu a ƙarƙashin gaban injin, wanda ke iya ɗan juyawa da kansa. Shi ke raba nauyin, shi ke fara shiga kwana ya jawo sauran jikin a hankali. Tsarin bai zama baƙo ga kamfanin ba: tun 1853 Sturrock ya sa an ƙera inji guda mai irin wannan jerin tayoyi, mai lamba 215. Sai dai shi bai samu magada ba, na Stirling ne ya yaɗu.

Ina ƙubbar da ake gani a bayan sauran injuna?

Babu ita, da gangan. Aikin ƙubba shi ne tara busasshen tururi daga can sama da ruwa. Stirling yana ganin huda babban rami a bayan tukunya yana raunana ta, don haka ya shimfiɗa bututu mai ƙananan huji a ciki, daga sama, yana kwasar tururin. Wannan ya sa bayan injin ya zama miƙaƙƙe tun daga bututun hayaƙi har murfin tagulla da ke kusa da rumfar direba, kuma rabin kyansa daga nan yake. Illarsa ita ce in aka cika tukunya da ruwa fiye da kima, ruwan kan bi tururi ya shiga silinda, don haka dole ma'aikata su sa ido sosai.

Duka 53 ɗin iri ɗaya ne?

A'a. Shekara 25 ana ƙera su, ana gyara ana ƙari. Matsin tururi ya fara daga fam 140 a kan kowane inci murabba'i, ya kai 170 a na ƙarshe. Murfin da ke kan babbar taya a na farko yana da tsage-tsage masu ado, daga baya aka koma rufaffe. Guda 6 na ƙarshe, masu lamba 1003 zuwa 1008, an yi musu silinda mafi faɗi da ƙarin nauyi.

Wane aiki suka yi, kuma yaya gudunsu?

Babban aikinsu shi ne hanyar Landan zuwa York, mil 188, ta Peterborough da Grantham da Doncaster, da kuma jiragen Leeds. Daga York injunan kamfanin North Eastern ke karɓa su wuce da jirgin Edinburgh. Shahararren jirgin ƙarfe 10 na safe daga King's Cross, wanda aka fara a 1862 kuma daga baya aka san shi da Flying Scotsman, yana cikin waɗanda suka ja shekara da shekaru.

Suna iya jan taragai masu nauyin kusan tan 275 a matsakaicin gudun mil 50 a awa, in kaya ya yi sauƙi kuma hanya ta gangara sukan haura mil 80. Hanyar ta dace da su: yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, hawanta ba mai tsanani ba. Hawan da ya fi tsawo shi ne na Stoke, kudu da Grantham, gangaren da injin Mallard ya kai mil 126 a awa a kansa a 1938. Da a ƙasa mai duwatsu ne, da taya tilo ba ta kai labari ba.

Taragan zamanin kuwa ƙanana ne na katako, masu tayoyi shida, babu lungun da ya haɗa su. Shi ya sa jirgin Sikotilan yakan tsaya a York fasinjoji su sauka su ci abinci a gurguje.

Yaya aikin direba da mai zuba kwal yake a kansu?

Da wuya. Rumfar ƙarama ce, rufinta gajere, sanyin Ingila da ruwan sama suna shigowa ta baya da gefe. Mai zuba kwal yana tsaye a kan dandamalin da ke girgiza, yana watsa kwal da shebur yadda wuta za ta kama ko'ina a murhu, yana kuma kula da ruwan tukunya. Direba yana lura da sigina yana sauraron injin. A irin wannan inji gwanintar hannu ce ke raba direba da direba, domin wanda ya buɗe tururi da garaje zai sa taya ta zame, iskar da ke fita ta bututun hayaƙi ta yage wutar da abokinsa ya sha wahalar shiryawa. Ina ganin duk yabon da ake yi wa ƙirar, kaso mai tsoka na mutanen nan biyu ne.

Mene ne labarin tseren zuwa arewa?

Hanyoyi biyu ne suka yi gasar zuwa Sikotilan daga Landan: ta gabas daga King's Cross, ta yamma daga Euston. A ƙarshen 1887 ɓangaren gabas ya buɗe jirginsa na ƙarfe 10 ga fasinjoji masu tikitin aji na uku, sai kasuwa ta karkata can. Na yamma suka rage lokacin tafiyarsu, na gabas suka sake ragewa. A watan Agusta na 1888 abin ya zama tsere a fili zuwa Edinburgh, ko da yake kamfanonin ba su yarda su kira shi tsere ba. Tafiyar da take ɗaukar awa 9 ta sauko har ƙasa da awa 7 da rabi.

Na biyu ya fi zafi. Buɗe gadar Forth a 1890 ya gajarta hanyar gabas zuwa Aberdeen, ta zama mil 523, ta yamma kuma 540. A lokacin hanyoyin biyu suna haɗuwa a mahaɗar Kinnaber, wanda ya riga isa can shi ke gaba har Aberdeen. A damunar Turawa ta 1895 jiragen dare suka yi ta fafatawa. Injunan Stirling ne ke ɗaukar zangon farko, ana canja inji a Grantham. A daren 21 ga Agusta mai lamba 775 ya yi mil 82 daga Grantham zuwa York cikin awa 1 da minti 16, matsakaicin gudu kusan mil 65 a awa. Gabas ta kai Aberdeen cikin awa 8 da minti 40, washegari yamma ta yi 8 da minti 32 da ɗan guntun jirgi mara nauyi.

Akwai abin lura a nan. Tauraron ɓangaren yamma, Hardwicke, inji ne mai haɗaɗɗun tayoyi huɗu da ba su kai ƙafa 7 ba, amma ya yi mil 141 daga Crewe zuwa Carlisle, da hawan duwatsu a ciki, a matsakaicin gudun da ya ɗara mil 67. Hujjar da Stirling ya kafa ƙirarsa a kai a 1870 ta fara rauni ke nan: ƙarfe ya inganta, mai ya inganta, sandar haɗi ta daina zama abin tsoro.

Sun taɓa yin hatsari?

Sun yi. A ranar 21 ga Janairu 1876, a Abbots Ripton, ƙanƙara ta daskarar da sigina suna nuna hanya a buɗe. Jirgin Sikotilan ya afka wa jirgin kwal, sannan jirgin Leeds, wanda mai lamba 48 ke ja, ya kutsa cikin tarkacen. Mutum 13 suka rasu. Laifin ba na inji ba ne, kuma bayan haka kamfanin ya sauya ƙirar siginansa.

Na 1895 da 1896 sun fi taɓa ƙirar kanta. A ranar 10 ga Nuwamba 1895 dogo ya karye a St Neots a ƙarƙashin jirgin da mai lamba 1006 ke ja, kwana ɗaya kafin rasuwar Stirling. A watan Maris na 1896 kuma jirgin da mai lamba 1003 ke ja ya sauka daga dogo a Little Bytham. Dukansu biyu daga jerin ƙarshe suke, inda aka ɗora kusan tan 20 a kan tayoyi biyu kacal don a ƙara musu riƙo. Bayan haka an rage musu nauyin.

Me ya kawo ƙarshensu?

Jin daɗin fasinja. Kamfanin Great Northern ne ya fara sa taragon cin abinci a Birtaniya, a 1879, tsakanin Landan da Leeds. A shekarun 1890 dogayen taragai masu lungu da banɗaki da kicin suka yawaita, nauyin jirgi ya yi ta hawa. Taya tilo ba za ta iya ɗaukar ƙarin nauyi ba sai ta cutar da dogo. Tukunya kuma ba za a iya faɗaɗa ta ba, domin a matse take tsakanin manyan tayoyin biyu. Girman da ya ba injin gudu shi ya hana shi girma.

Henry Ivatt, wanda ya gaji Stirling, ya sanya wa wasunsu sabbin tukwane masu ƙubba, amma hankalinsa yana wani wuri. A 1898 ya fito da mai lamba 990, inji na farko a Birtaniya mai tsarin 4-4-2, daga baya kuma ya yi masu ƙatuwar tukunya da faffaɗan murhu. An fara ajiye injunan Stirling a 1899, sauran suka koma ƙananan hanyoyi, na ƙarshe ya bar aiki a 1916.

Shin Stirling taurin kai ya yi da ya nace wa taya tilo har 1895?

Ba shi kaɗai ba ne, kuma wannan ya kamata a faɗa don adalci. A tsakiyar shekarun 1880 aka samo dabarar fesa yashi ƙarƙashin taya da ƙarfin tururi, a kamfanin Midland, sai ƙirar taya tilo ta sake farfaɗowa. Midland suka yi nasu masu yawa, Great Western ma haka, Caledonian ta samu mai lamba 123 a 1886. Ivatt kansa ya ƙera guda 12 tsakanin 1898 da 1901.

Ra'ayina shi ne, na 1870 gwaninta ce tsantsa, kuma ta yi daidai da taragai da ƙarfe da man zamaninta har kusan shekara 20. Na 1894 da 1895 kuwa matsa wa tsohuwar dabara ne ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Abin da ake bukata a lokacin babbar tukunya ce da ƙarin tayoyin ja, kuma Stirling yana da shekara 74 bai juya ga hakan ba.

An taɓa kawo irinsu Nijeriya?

Ba a kawo ba, kuma da ba su yi amfani ba. Faɗin dogon Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, namu da ya iso Kano a 1911 ƙafa 3 da inci 6. Aikinsa ma daban: jan gyaɗa da auduga da fatu da kuza a doguwar hanya mai kwana da hawa, a kan dogo mara nauyi. Irin wannan aiki yana son ƙananan tayoyi masu yawa a haɗe, don nauyi ya rarrabu riƙo ya ƙaru. Shi ya sa injunan da aka kawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, suke da tsarin 2-8-2, tayoyin ja takwas.

Akwai wanda ya rage?

Guda ɗaya, kuma na farkon ne, mai lamba 1. An ajiye shi daga aiki a 1907 amma ba a yanka shi ba. A 1938 kamfanin London and North Eastern, wanda ya haɗiye Great Northern a 1923, ya fito da shi daga gidan tarihi, aka gyara shi ya ja tsofaffin taragai masu tayoyi shida, don cikar shekara 50 da tseren 1888 da kuma tallar sabbin taragan Flying Scotsman. An sake hura masa wuta a farkon shekarun 1980 a wata hanyar jirgi ta masu adana kayan tarihi. Yanzu yana hannun gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya da ke York, wanda ke da reshe a Shildon. Ana yawan sauya wa kayan wuri tsakanin biyun, don haka mai niyyar zuwa ya fara duba inda yake kafin ya sayi tikiti.